Ƙofar Gefe

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Wata shida kacal aka ba mawaƙin nan Mahir Kwalisa, amma Lafia ta ɗauka kamar rataye shi za a yi. Tun safe ba a yi wata magana a shagon ɗinkina ba. Mutum ya je bikin abokinsa, ya hau wasan mota a kan titi, ya kwashe mai sayar da lemo, ƙafafunta biyu suka karye. Wata Hajiya da ta kawo min leshi har da hawayenta, wai hassada ake masa don waƙarsa ce ke tashe. Na ce, Hajiya, matar da aka karya fa? Ta ce ai an kai ta asibiti. Saura kaɗan in ɗinke yatsana.

Lauya ya ce in riƙa rubuta ranaku, to bari in rubuta. Yau shekara ɗaya da wata bakwai maigidana Jafaru yana tsare. Sau uku aka taɓa kai shi gaban alƙali. Laifinsa an kawo masa gyaran janareto, ashe na sata ne. An ba da belinsa tun bara, da sharaɗin ma'aikacin gwamnati mai mataki na goma sha huɗu, mai fili a cikin gari, ya tsaya masa. Mu 'yan Kwandere, manoman doya da gyaɗa, ina muka san irin waɗannan? Babban ɗan bokon danginmu malamin firamare ne.

Ina kewar mutumin nan. Yau har warin fetur na rigarsa nake nema.

Talata, 17 ga Yuni

Ranar ziyara. Ashe gidan yarin da Jafaru yake aka kawo mawaƙin. Tun daga kwana muka ga taro, samari da 'yan mata da hotunansa, wasu sun ɗaga waya suna ɗaukar bango. Bango fa! Mu masu kula a hannu aka tura mu can bakin kwata.

Ngunan ta riƙe min wuri kamar kullum. Ita ce ta koya min komai ranar da na fara zuwa, ina kuka kamar sabuwar marainiya: kada in kawo miya mai ƙashi, kada in sa cokalin ƙarfe, in ci abu kafin in fito don layi ba ya tausayi. Daga wani ƙauye a hanyar Keana take zuwa da sakwara, mijinta Iorhemba ya fi Jafaru daɗewa, kan rigimar iyakar gona. Ta kalli 'yan matan ta ce, "Mama Sadiya, wannan duka matansa ne?" Na yi dariya har na ji kunya.

A bakin get abin da aka saba. Ka buɗe kula, ka ci loma biyu a gabansu don su tabbata ba ka sa komai ba, sannan su caccaka tuwon da cokali. Tuwon da na tuƙa sumul, kafin ya isa hannunsa ya koma kamar kaji sun yi tono a ciki. Muna nan sai ga wata baƙar mota ta tsaya a ƙaramar ƙofar gefe, aka sauke kuloli huɗu da katan ɗin ruwa. Ban ga wanda ya ɗanɗana komai ba.

Minti biyu suka ba mu yau maimakon biyar, wai saboda cunkoso. Ta bayan ragar waya, ga hayaniya. Na yi wa Jafaru Gwandara, yarenmu, don gandiroban kada ya ji, na ce ya rame. Ya ce in kula da kaina. Shi ke nan, aka buga ƙarfe.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na kira shirin rediyo na safe, layi bai shiga ba. Da ya shiga da sun ji. Wani yana cewa a saki Mahir don yana ɗaukaka sunan jiha. Allah ya isa tsakanina da wannan bakin.

Asabar, 21 ga Yuni

An soke ziyarar Asabar har sai abin da hali ya yi. Takarda ce kawai aka manna a bango. Na dawo da shinkafa da wake yadda na kai su, na zuba wa Inna Dijatu, mahaifiyar Jafaru. Ta ci loma ɗaya ta ture, ta ce ba za ta ci rabon ɗanta ba.

Sadiya ta tambaye ni, "Ba mu ga mai waya ba?" Haka take kiran ubanta, don ta bayan ragar waya ta san shi. Wata takwas gare ta aka tafi da shi. Ba ta san yana da ƙafafu ba ma, daga ƙirji zuwa sama take ganinsa. Na shiga bayi na yi kukana na wanke fuska.

Talata, 24 ga Yuni

Ikon Allah. Jafaru ya ce an ɗauke shi daga babban ɗaki an kai shi yi wa Mahir hidima. Janareton da aka kawo wa mawaƙin ne ya ƙi tashi, aka tuna akwai makaniki a ciki. Ya gyara, yaron ya ce a bar masa shi. Yanzu shi ke share masa ɗaki, ya wanke masa kaya, ya goge takalma. Mutumin da ya girme shi da shekara goma!

Na ce wane ɗaki? Ya rage murya. Ɗakin marasa lafiya ne aka kwashe gadaje huɗun da ke ciki, aka yi fenti, aka sa katifa mai tudu, firji, talabijin, fanka biyu. Waya uku gare shi. Marasa lafiyan an mayar da su cikin jama'a.

Ina fitowa na zayyane wa Ngunan tas, ban rage komai ba, raina yana tafasa. Ta ce shi ya sa. Iorhemba yana ɗaya daga cikin waɗanda aka kwashe. Tari yake yi tun farkon damina, yanzu yana kwana a ƙasa cikin mutum sittin. Na ce mata wallahi duk ranar da na samu mai saurare, sai na tona musu asiri. Ta ce, "Ke kin iya magana, ni Hausa na bai kai ba." Muka raba gyaɗarta a keke har mahaɗa.

Lahadi, 29 ga Yuni

Ruwa tun asuba. Bokitai uku a tsakar ɗaki, wurin da Jafaru ya ce zai gyara kwanon rufi a satin da aka kama shi. Na hana ƙaninsa ya taɓa. Ban san me ya sa ba.

Talata, 1 ga Yuli

Jafaru ya yi ƙiba. Kumatu sun fito, wuyansa ya cika. Ya kamata in yi murna, kuma na yi, amma.

Ya ce, "Maman Sadiya, ki daina wahalar da kanki da girkin nan, abinci har ragewa yake yi a wajen Oga." Oga! Kaza, soyayyar shinkafa, farfesun kifi daga otal. Na ce to. Na ce ko in bar miyar ɗanyar kuɓewar ma? Ya ce in ba Ngunan ta ƙara wa mijinta.

Shekara ɗaya da rabi ba abin da nake iya yi masa sai wannan tuwon. Ina tuƙawa ina tuna yadda yake sa hannu tun yana tururi, ina masa faɗa. Loma biyun da nake ci a bakin get, a raina tare muke ci. Yanzu ragowar wani ta fi shi daɗi. Ba laifinsa ba ne, yunwa ce. Amma na ji haushinsa har gida, kuma na tsani yaron nan fiye da da.

Asabar, 5 ga Yuli

Lauya ya kira. Kotu za ta tafi dogon hutu ƙarshen watan nan. In ba a samu mai tsayawa an cika takardu kafin nan ba, sai bayan hutu, kuma ya ji ana cewa za a canza wa alƙalin wurin aiki. In aka canza, shari'a ta koma farko. Ya faɗe shi kamar yana karanta farashin tumatir.

Na je gidan wani darakta da aka kwatanta min a bayan sakatariya. Mai gadi ya ce ya yi tafiya. Motarsa tana ciki, ina ganinta.

Laraba, 9 ga Yuli

Baƙuwar lamba. Murya mai sanyi, wai Hajiya Afra'u ce, yayar Mahir. Na miƙe tsaye a shago kamar tana ganina, abin da ya ba ni haushi daga baya. Ta ce ƙaninta yana yabon Jafaru, ya ce mutum ne mai amana, ranar da zazzaɓi ya kama shi bai bar gefensa ba. Ta ce ranar Asabar za ta shiga, in ina so in zo mu shiga tare, in taho da yarinyar.

Na ce ai an soke ziyarar Asabar. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Ki dai zo ƙarfe sha ɗaya."

Na ce zan yi shawara. Shawarar me? Tun kafin ta kashe waya na san atamfar da zan ɗaura.

Asabar, 12 ga Yuli

Ban san ta inda zan fara ba.

Ta ƙofar gefe muka shiga, cikin motarta, mai sanyi kamar randa. Gandiroban da ya taɓa zubar min da miya don ya ga ƙashi a ciki, shi ya buɗe mana yana cewa sannunku da zuwa Hajiya. Ni ma Hajiya. Ba wanda ya buɗe kulata.

Wani ofis aka kai mu mai kujerun kushin. Aka shigo da Jafaru. Babu waya a tsakani, babu ƙarfe, babu mai tsawa. Na ga ƙafafunsa cikin silifas, babban yatsan nan da injin ya taɓa murƙushewa. Wallahi yatsan na tsaya kallo, na kasa ɗaga kai. Ya zauna kusa da ni har gwiwarsa tana taɓa tawa. Ya kama hannuna ya juya shi, ya ce allura ta cinye min yatsu. Na ce kai kuma naka sun yi laushi kamar na mai jego. Muka yi dariya, sai dariyar ta juye.

Sadiya ta ɓuya a bayana. Ya durƙusa yana kiranta, Halimatussa'adiya, cikakken sunan da shi kaɗai ke faɗa. Ta daɗe tana leƙensa, sannan ta je ta taɓa gemunsa da yatsa ɗaya, ta ce, "Ina wayar?" Ya ɗauke ta ya juya mana baya. Kafaɗunsa kawai nake gani suna motsi.

Awa ɗaya da kwata. Ya cinye tuwon tas, ya suɗe hannu, ya ce ƙarya yake yi, kazar otal ba ta da ɗanɗano.

Mahir ya leƙo kafin mu tafi. Ƙaramin yaro ne ashe, siriri, da ƙuraje a goshi. Ya rusuna ya ce min Anti. Ya ce yana mafarkin matar nan mai lemo. Na shirya masa maganganu tun watan jiya, ko ɗaya ban samu ba. Na ce Allah ya kiyaye gaba.

A mota Hajiya ta tambayi maganar belin. Ta ce kawunsu Alhaji Mahmuda darakta ne, mataki na goma sha shida, filayensa a Lafia bai san adadinsu ba. "Sa hannu ne kawai, ba wani abu ba ne." Ba wani abu ba ne! Na riƙe Sadiya da kyau. Sai ta ƙara da cewa mutane sun sa musu ido da yawa, 'yan jarida suna ta shinshine, ita dai tana son a gama wata shidan nan lafiya ba surutu. Ba ta ce min komai ba fa. Ba ta roƙe ni komai ba. Ta sauke mu har ƙofar gida a Azuba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Hijabina yana ƙamshin sabulun da yake wanka da shi. Ban wanke ba.

Talata, 15 ga Yuli

Na bi layi yau, don kada a ce. Ngunan ta riƙe min wuri. Ban gaya mata zancen Asabar ba, ba ta tambaya ba, ina za ta sani. Idonta ya faɗa. Ta ce Iorhemba ya fara tofar da jini, mutum biyu ne suka riƙo shi zuwa wajen waya. Ta roƙi a mayar da shi gadon asibiti, aka ce mata ana gyaran ɗakin.

Ta ce ta samu wata 'yar rediyo, Rumaisa, 'yar cocinsu ce ta haɗa su da ita. Za ta zo Talata mai zuwa ta ji daga bakin matan layi. Amma ta ce jita-jita ba ta isa ba, sai wanda nasa ya gani da ido. "Na ce mata akwai ƙawata. Mijinta ne yana share ɗakin." Tana faɗa tana murmushi, ta dafa kafaɗata.

Na ce Allah ya kai mu.

Minti biyu ta bayan waya. Bayan Asabar, ji na yi kamar an ba ni ruwa a murfin kwalba.

Juma'a, 18 ga Yuli

Alhaji Mahmuda ya karɓi takardu. Ya ce Laraba zai je kotu da kansa, da takardar fili da hotuna. Lauya da bai taɓa kirana sau biyu a wata ba, yau sau uku.

Inna Dijatu ta sa an kamo zakara daga Kwandere an ɗaure a tsakar gida. Na ce Inna a bari ya fito tukuna. Ta ce ita jikinta ya ba ta.

Na yi ta tunani a kan keken ɗinki. In an faɗa a rediyo, me zai canza? Za su musa. Su canza wa gandiroba ɗaya wurin aiki. Wataƙila su mayar da gadajen, wataƙila. Abin da na tabbata shi ne za a san bakin da maganar ta fito, mutum nawa ne ke shiga ɗakin? Na ɗinka hannun riga a baibai sau biyu.

Ko in ce ba ni da lafiya ranar Talata. Amma in ban je ba zai tsaya a wajen waya yana dubawa.

Talata, 22 ga Yuli

'Yar rediyon ta zo. Yarinya ce mai gilashi, da ƙaramar na'urar ɗaukar murya. Mata sun kewaye ta a gindin mangwaro, kowa na faɗin nasa, an rage minti, an soke Asabar, ana zubar da abinci. Ngunan ta jawo ni ta hannu har gabanta. "Ga ta. Mama Sadiya, faɗa mata firji. Faɗa mata gado huɗu."

Baƙar motar tana tsaye a ƙofar gefe. Gilashinta a rufe, ban san ko da mutum a ciki ba.

Rumaisa ta ce ba sai na faɗi sunana ba. Ta ce, gaskiya ne an kwashe marasa lafiya an ba mawaƙin ɗakinsu?

Na ce ni dai ban gani ba. Na ce maigidana yana ciki, kuma bai taɓa ce min ana fifita wani ba, kowa da irin jarabawarsa, yaron ma yana shan wahala, a yi masa addu'a. Ban san daga ina maganar take fitowa ba, sumul, ko gargada babu.

Kuma ai ban gani ba. Ofis aka kai ni, ban taka ɗakin ba.

Ngunan tana tsaye a gefena. Hannunta yana kan damtsena, sai na ji ta sake shi a hankali. Ta ɗauki kularta ta koma layi. Da na zo, wurina yana nan a gabanta, ta bar shi kamar kullum. Na tsaya a ciki. Awa biyu ina jin numfashinta a bayana.

Laraba, 23 ga Yuli

An sa hannu. Alhaji bai yi minti ashirin a kotu ba. Lauya ya ce Juma'a da safe in je da kayan da Jafaru zai sa. Jibi. Na rubuta na sake karantawa, jibi.

Na fito da shaddarsa ruwan toka na goge. Ba za ta shige shi ba yanzu, na buɗe ta ta gefe inci ɗaya da rabi. Na sayo manja da busasshen kifi. Na ce wa ƙaninsa ya bar kwanon, mai shi yana zuwa. Sadiya tana ta koyon cewa Baba, tana faɗa wa zakara.

Sun sa shirin a rediyo da la'asar. Maƙwabciyata ta ƙwala min kira ta katanga, wai kamar muryata. Na ce muryoyi suna kama. Mai gabatarwa ya ce tun da iyalan fursunoni da kansu sun ƙaryata, a daina yaɗa abin da ba a tabbatar ba. Masu kira suka yi ta sa wa matar albarka, mai tsoron Allah, ba ta da hassada. Inna Dijatu ma ta ce Allah ya yi mata albarka ko wace ce.

In ya fito zan sa shi ya yi wa Mahir maganar Iorhemba. Ko ni in yi wa Hajiya, in abubuwa sun lafa. Ba yanzu ba dai, sai ya taka ƙofar gidan nan tukuna.

Ngunan ta kira sau uku. Ina kan keke lokacin, ƙarar ɗinki ba ta bari a ji waya. Haka zan ce mata.